Ziyara 'Yan Katako Na'ibawa: Me Ke Sa Zarto Ya Bauɗe?

Duk wanda ya shigo Kano ta titin Zariya, sai ya ratsa Na'ibawa kafin ya kai cikin gari. Yawancin mutane sun san unguwar da tashar mota da kuma kasuwar 'Yan Lemo, inda ake sauke lemo da ayaba da abarba da kankana. Amma a wannan yanki akwai wata kasuwar da hanci da kunne ke riga ido sanin an iso ta, wato 'Yan Katako. Ƙamshin ɗanyen itace ne ke fara tarbar baƙo, sannan kukan injina, wani na gurnani, wani na tsuwa. Sai kuma ƙurar katako da ke sauka a gira da gashin kai, har saurayi ya koma kamar mai furfura.

Ɗalibai, bencin da kuke zama a kai a aji, da teburin malaminku, da ƙofar ɗakinku, da katakon da ke riƙe da kwanon rufin gidanku, duk sun bi ta kasuwa irin wannan. A wannan makon can muka nufa, domin mu ga yadda ake mayar da ƙaton falanki ya zama siraran fallaye, da kuma abin da masu sana'ar ke yi idan zarto ya ƙi bin layi.

Katakon baƙo ne

Kano ba ƙasar kurmi ba ce, saboda haka mafi yawan katakon da ke kasuwar daga nesa ya zo. Manyan motoci ne ke kawo shi daga dazuzzukan kudu, irin na jihohin Edo da Ondo da Ogun da Kuros Riba, wani kuma daga Taraba da Kogi da Binuwai. Wanda ya taso daga kudu maso yamma yakan biyo ta Lakwaja da Abuja da Kaduna da Zariya. Idan mota ta iso, 'yan dako su sauke, a jera a rumfuna, kowane awo da wurinsa. Tsawon da aka saba shi ne ƙafa 12. Za ku ji ana kiran tubaitu da tubaifo da tubaisikis. Tubaifo, alal misali, shi ne mai kaurin inci 2 da faɗin inci 4.

Itacen ma iri-iri ne. Akwai marasa nauyi masu sauƙin aiki, irin su obece da afara da malaina. Akwai kuma masu tauri da tsada, waɗanda ake yin ƙofofi da gadaje da kujerun alfarma da su. A cikinsu akwai maɗaci, wanda kuka san shi a bakin titunan garuruwanmu da ɓawonsa mai ɗaci, katakonsa ja ne mai kyan zane. Akwai loko, wanda 'yan kudu ke kira iroko, gara ba ta cika yi masa komai ba. Akwai kawo mai nauyin tsiya, da madobiya, da ƙirya wadda ake sassaƙa turmi da taɓarya da ita. Akwai ma wani katako da duniya ta sani da suna sapele, sunan ya samo asali ne daga garin Sapele na Jihar Delta, wanda ya daɗe da shahara wajen harkar katako.

Wanda ya sayi falanki ba ya wucewa da shi gida kai tsaye. Yakan sa masu kura su tura masa zuwa rumfar injina, a goge, a tsaga, a yanka daidai awon da yake so. A ɗaya daga cikin waɗannan rumfuna na yada zango, wurin wani dattijo da ke da injina uku da yara masu koyon aiki.

Zarton da ba shi da ƙarshe

Injin farko na gogewa ne. Na biyu zarto ne mai kama da faifai, yana juyawa a tsakiyar tebur. Na uku shi ne ya kai ni, wato banso. Zartonsa siririn ƙarfe ne mai tsawo kamar ɗamara, an haɗa bakinsa biyu da walda ya zama zobe. An ɗora shi a kan wili biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Mota tana juya wilin ƙasa, zarton ya yi ta zagaye, haƙoransa na gangarowa ƙasa kullum ta wata 'yar tsaga a tsakiyar tebur. Ba ya kai da komo irin na zarton hannu.

Wani Bature ɗan Ingila, William Newberry, ya yi rajistar wannan dabara tun farkon ƙarni na 19, amma ta daɗe ba ta yi amfani ba, domin zarton yakan tsinke a mahaɗarsa. Mace ce ta warware matsalar. Wata 'yar Faransa mai suna Anne Paulin Crepin ta samo hanyar haɗa bakin ƙarfen yadda zai jure lanƙwasa, ta nemi rajistar dabararta a 1846. Daga nan injin ya bazu a duniya. 'Yan mata masu karanta wannan shafi, ku riƙe sunan nan.

Abin da ya sa kafintoci ke son banso shi ne sirantakar zartonsa. Kowane zarto yana cinye wani abu daga katako ya mayar da shi gari. Zarton faifai na irin waɗannan rumfuna yakan ci milimita 3 zuwa 4 a kowane yanka, banso kuwa milimita 1 zuwa 1.5. Ban da haka, ana iya tsayar da falanki mai faɗi a kan gefensa a tsaga shi ta kaurinsa, falle-falle, kamar yadda mai kilishi ke fere nama. To, sirantakar nan da ke sa a so shi, ita ce kuma rauninsa. Siririn ƙarfe yana iya murɗewa, yana iya lanƙwasa, yana iya barin layi ya kama gabansa. Wannan shi ne bauɗewar zarto.

Falankin amarya

Da hantsi wani kafinta ya iso da falanki biyu na busasshen maɗaci, kowanne kaurin inci 3, faɗin inci 8, an rage tsawonsu zuwa ƙafa 6. Fallaye yake so masu kaurin milimita 8, zai yi fuskar gado da ta wadirof na kayan ɗakin wata amarya. Uban yarinya ya riga ya biya kuɗin katako, biki saura mako biyu. Kafintan ya zaɓi waɗannan falankan ne saboda zanensu, domin idan aka tsaga falle biyu daga jiki ɗaya aka buɗe su kamar littafi, zanen wannan yakan zama madubin na wancan. In falanki ya lalace, daga aljihunsa zai sayi wani, kuma ba lalle ya sami mai irin zanen ba.

Aka goge fuska ɗaya da gefe ɗaya. Babban yaron shago ya ja layi da fensir, ya daidaita shinge, wato ƙarfen da katako ke jingina da shi yana tafiya, ya tayar da inji. Da farko lafiya lau. Kafin a ci kamu ɗaya, sai kukan injin ya sauya, wani ɗan ƙauri ya tashi. Dattijon yana can yana lissafi da wani, ko juyowa bai yi ba ya ɗaga murya.

"Kai, tsaya! Kashe."

Muka leƙa. Zarton ya bar layin fensir ya karkata wajen shinge, fallen da ake fitarwa yana ta sirancewa. Da ido, karkatar ba ta kai a yi magana ba. Amma ku ɗauko darasinku na tirigonometiri. Idan zarto ya kauce da digiri 1 kacal, a kowace mita ɗaya zai bar layi da kusan milimita 17. Fallen milimita 8 ke nan zai ƙare ƙurmus kafin a ci rabin mita. A falanki mai ƙafa 12 kuwa, kaucewar za ta haura santimita 6.

Kafintan ya dafe kai. Yaron ya ce, "Baba, ko in ɗan karkata shingen ya bi zarton?"

Dattijon ya ce, "Ruwa ba ya tsami banza. Jiya wannan injin yana tafiya sak. Ka fara sanin abin da ya same shi tukuna. Cire wuta."

Wannan ce ƙa'ida ta farko a rumfar. Ba a taɓa zarto sai an kashe inji an kuma zare shi daga wuta, domin wani na iya danna maɓalli bisa kuskure. Ƙa'ida ta biyu, ba a gwaji a kan katakon mutane. Aka janye falankin a hankali aka ajiye, aka ɗauko guntun da ba shi da amfani.

Haƙora

Dattijon ya buɗe murfin injin, yana juya wili da hannu, yana duban haƙoran zarto a hasken rana. Idan kuka lura da kowane zarto, haƙoransa ba a layi ɗaya suke ba. An ɗan lanƙwasa wannan hagu, wancan dama. Hikimar ita ce hanyar da suke buɗawa ta fi jikin zarton faɗi kaɗan, don kada ya maƙale. Muddin haƙoran hagu da na dama suna da kaifi ɗaya da buɗi ɗaya, zarto zai tafi sak. In gefe guda ya dakushe, sai ya zama kamar mai ciwon haƙori, wanda ke tauna da ɓangaren da ke da lafiya. Zarton zai riƙa ci ta gefen da ke da kaifi, ya bi can.

Ya kira yaron ya nuna masa. Bakin haƙoran gefe ɗaya yana ƙyalli. Haƙori mai kaifi ba ya mayar da haske, wanda ya goge ne ke sheƙi.

"Me kuka yanka da shi jiya da yamma?"

"Loko, Baba. Da ƙafafun kujera."

Amsar ta isa. Itacen loko yakan tara wani abu mai tauri a cikinsa, masu aiki na ce masa dutse. Sinadarin kalsiyom kabonet ne, irin wanda ke cikin ɓawon ƙwai da dutsen da ake yin siminti da shi. Zarto na gogar sa, kaifi ya tafi. Tsohuwar ƙusa ko yashin da ya manne a jikin katako ma haka suke yi. Yankan ƙafafun kujera kuwa yanka ne mai kwana, yana matse haƙoran gefe ɗaya fiye da ɗaya. Shi ya sa mai injin da ya san aikinsa ke ware zarto guda na tsaga kawai, ba ya shan kwana da shi.

Akwai laifi na biyu a wannan zarto: haƙoransa sun yi yawa, 6 a kowane inci, ga shi siriri. Tsakanin haƙori da haƙori akwai gurbi, kamar wushirya. Aikin gurbin shi ne ya ɗauki garin katako ya fita da shi ƙasa. A falanki mai faɗin inci 8, kowane haƙori sai ya yi tafiyar inci 8 a cikin itace kafin ya zubar da kayansa. In gurbin ƙarami ne, yakan cika tun a rabin hanya, garin ya cushe a gefen zarto, zafi ya tashi, zarton ya nemi hanyar da ta fi sauƙi. Ƙaurin da muka ji ke nan. Na tsaga shi ne mai haƙori 3 a inci ko ƙasa da haka, mai manyan gurabe, faɗinsa rabin inci zuwa kashi uku cikin huɗu na inci a matsakaicin inji, manyan injina kuma su ɗauki wanda ya fi haka. Aka naɗe tsohon za a kai wa masu wasa zarto, aka ɗauko na tsaga daga ƙusar da yake rataye.

Ɗauri da zama

Sa sabon zarto ba shi ne ƙarshen aiki ba. A saman injin akwai abin murɗawa da ke ɗaga wilin sama ya ɗaure zarton. Wanda ya taɓa ganin tsirkiyar garaya ko ta gurmi ya san sako-sakon zare ba ya riƙe murya. Haka zarto. In bai ɗauru ba, sama da ƙasan yankan za su bi layi, amma tsakiya ta yi tumbi, falle ɗaya ya fito da ƙundu, ɗayan da rami. Dattijon ya ɗaga abin da ke tare zarton sama, ya danna gefen zarton da yatsa. Ya ce in ya motsa fiye da kwatan inci, wato kamar milimita 6, da saura. In kuma aka wuce gona da iri, zarto ya tsinke ko boris ya ci. Ya ƙara da cewa ƙarfe na miƙewa in ya ɗau zafi, kamar yadda kuka karanta a darasin fizis, don haka akan sake duba ɗauri bayan an jima ana aiki, da yamma kuma a sassauta shi ya huta.

Sai zama. Bayan kowane wili an naɗa masa roba, kuma tsakiyarsa ta ɗan fi gefe tudu. Zarto yana son hawa wannan tudun. In ya zauna a tsakiya, bakinsa zai kalli gaba sak. In ya zame gaba ko baya, sai bakin ya ɗan juya hagu ko dama, ya yi ta yanka a karkace komai kaifinsa. Akwai noti a bayan injin da ke ɗan kwantar da wilin sama. Dattijon na juya wili da hannu ɗaya, yana murɗa notin da ɗaya, kaɗan-kaɗan, har zarton ya tsaya a tsakiya bai ƙara yawo ba. Kafin nan ya sa yaron ya kankare busasshen gari da danƙon itace da suka manne a robar, domin su ma suna sauya zaman zarto.

Daga nan sai abin da zan kira 'yan rakiya. Sama da tebur da ƙasansa akwai ƙananan boris ko 'yan ƙarafa da ke tsare zarton, biyu a gefe, ɗaya a baya. Na gefe ba sa matse shi, ba sa kuma yin nesa da shi. Dattijon ya zaro tsohuwar takardar kuɗi ya sa tsakani, ya matso da su har suka taɓa takardar, ya ɗaure, ya zare ta. Ya tabbatar suna bayan haƙora, domin in suka hau kan haƙora za su daddanne buɗin, sabon zarto ya koma kamar tsohon cikin minti guda. Na baya kuma ya bar ɗan sarari, yadda ba zai juya ba sai an fara tura katako. Na ƙasan tebur su ne yara ke mantawa, saboda sai an durƙusa. A ƙarshe ya sauko da na sama har ya rage kaɗan su taɓa falanki, don kada a bar dogon zarto tsirara.

Shinge da hannu

Sai yanzu aka zo kan abin da yaron ya so farawa da shi. Dattijon ya ja layi a guntun katako, ya ture shinge gefe, ya bi layin da hannu har rabi, ya tsayar da inji ba tare da ya motsa katakon ba. Ya ja fensir a kan tebur ta gefen katakon. Wannan layin ne ke nuna inda zarton ke son bi da kansa. Ya dubi shinge, ya ga bambancin bai kai a damu ba, ya ɗan gyara ya ɗaure. Ya ce karkata shinge dabara ce ta gaske, amma ta ƙarshe ce. Wanda ya fara da ita ya rufe ciwo ne da tsumma, gobe zarton zai ƙara dakushewa, kusurwar ta sake sauyawa. Ya kuma sa ma'aunin kusurwa ya tabbatar tebur da zarto sun yi digiri 90, shingen ma yana tsaye daidai, kuma yana da tsayin da zai tallafi falanki mai inci 8.

Yaron ya gwada a wani guntun. Ya bi layi, amma da aka buɗe, tsakiyar ta ɗan yi tumbi.

"Saura kai," in ji dattijon. "Kana turawa kamar mai tura mota. Bar shi ya ci da kansa."

Turi mai ƙarfi yana danna zarto baya, ya murɗe shi. Tafiyar hawainiya ma ba ta da kyau, tana ƙona itace. Kunne ne ma'auni. In kukan inji ya yi ƙasa, an matsa masa. Haka in wuta ta yi rauni ko janareta ya gaza, gudun zarto na raguwa, dole hannu ma ya rage. A gwaji na biyu yaron ya sassauta, fallen ya fito sumul. Na lura duk tsawon aikin nan dattijon bai taɓa gyara abu biyu a lokaci guda ba tare da ya duba sakamakon na farko ba. Abin da malamin kimiyya ke koya muku ke nan a ɗakin gwaje-gwaje: sauya abu ɗaya, ka gwada, ka gani.

Shi ma itacen yana da nasa hali

Wani lokaci inji lafiyarsa ƙalau, katakon ne ke da magana. Jijiyoyin maɗaci sukan sarƙe, wannan sashe ya karkata nan, na ƙarƙashinsa ya karkata can. Shi ke ba shi kyan zane, shi ke kuma jan zarto mara kaifi. Sannan akwai danshi. Katakon da ya baro kurmin kudu da ruwa a jikinsa ya tarar da hunturun Kano, bayansa na bushewa kafin cikinsa. Sai ya zama waje na ja, ciki na turjiya. Ana tsaga shi fallayen su bankare, ko su matse zarto. Maganinsa haƙuri: a jera shi a inuwa da 'yan sanduna tsakanin falanki da falanki, iska ta ratsa, a kuma tsaga da ɗan ƙarin kauri domin gogewa. Falankan kafintan sun daɗe a ajiye, ta nan bai sami matsala ba.

Aka mayar da falankin farko ta ɗaya bakin. Yaro ɗaya na turawa, ɗaya na tarba ta baya. Da aka kusa ƙarshe, mai turi ya janye hannunsa ya ƙarasa da guntun sanda. Kafin la'asar an fitar da lafiyayyun fallaye 6 daga na farko, 7 daga na biyu. Wanda ya sirance za a yi bayan durowa da shi. Kafintan ya jera biyu a ƙasa ya buɗe su kamar littafi, ya tsaya yana kallon zanen, sannan ya ce, "Baba, Allah Ya ƙara girma." Ya kira mai kura.

Abin da ke cikin garin katako

Bayan rumfunan akwai tulin garin katako. Masu kiwon kaji na saye su shimfiɗa, masu girki ma na hura wuta da shi. Amma duk buhu guda da kuke gani, itace ne da ya shekara da shekaru yana girma. Maɗacin da zai ba da falanki mai faɗi ya girmi yawancin masu karanta wannan shafi. Madobiya kuwa, wadda 'yan katako ke kira madarid, an sare ta ba ƙaƙƙautawa a Taraba da wasu jihohi ana fita da ita ƙasar Sin, har a 2016, a taron da aka yi a Johannesburg ta Afirka ta Kudu, aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa wa cinikinsu ido. Ita wannan yarjejeniya ta ƙasashen duniya ce, kan cinikin dabbobi da tsirran da ake tsoron ƙarewarsu. Don haka zarton da ke bin layi yana ceton kuɗin kafinta, yana kuma rage yawan bishiyar da za a sare.

Ga aikin gida. Falanki mai kaurin milimita 75, ana son fallaye masu milimita 8. Nawa za a samu da zarton da ke cin milimita 1.5, nawa kuma da mai cin milimita 4? Ku tuna, yawan yanka yana ƙasa da yawan fallaye da ɗaya. In kun lissafa daidai za ku ga bambancin falle 2 ne. Sannan ku yi tunani, me ya sa a rumfa aka sami 7 a falankin da bai lalace ba, alhali takarda ta ba da fiye da haka?

In za ku je

Gani ya kori ji. Ku roƙi malamin fasaha ko na lissafi ya shirya muku ziyara, a Na'ibawa ko kasuwar katakon garinku. Ku je da safe, ku gaida masu rumfa, ku nemi izini kafin ku shiga ko ku ɗauki hoto. Ku sa takalmi mai rufi da takunkumin hanci, domin ƙurar wasu itatuwa, irin su loko, tana sa tari da ƙaiƙayi. Babbar riga da mayafi mai lilo ba sa shiri da inji, a tattare su. Kada ku tsaya ta gefen banso yana aiki, domin in zarto ya tsinke ta nan yakan yi bulala. Kada ku yi wa mai turi magana sai ya kashe, kada kuma kowa ya kunna ashana kusa da garin katako.

Wanda abin ya burge shi, kwalejojin fasaha suna koyar da kafinta da haɗa kayan ɗaki har a sami takardar NABTEB. Dogon hutu ma dama ce ta zama a shagon kafinta na unguwa da yardar iyaye. Ku tafi da littafi da fensir da tef ɗin awo, kuma in an ce ku fara da shara da ɗauko kaya, ku fara. Daga nan kowane mai inji ya soma.